Zan iya hawa dutsen Idanre da karena?

Tambaya: Salam Dakta, ina zaune a Agege, ina da kare Alsatian mai gadin gida, shekararsa biyu, nauyinsa kilo 30 da ɗan wani abu. Ni da abokaina mun shirya zuwa Idanre a hutun Disamba, daga nan mu biya Erin-Ijesha inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, kuma ina so in tafi da shi dan bai taɓa fita daga unguwa ba sai ranar allura. Abin da nake tsoro maciji ne. Dan Allah me zan tanada?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Naji daɗin tambayar nan wallahi, dan da yawan masu kare a Legas sai abu ya faru sannan suke neman mu. Zai iya zuwa, amma ba a yadda yake yau ba, kuma maciji da kake tsoro yana nan amma ba shi ne na farko a lissafina ba. Zafi ne na farko.

Kaga kare ba ya gumi irin namu, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kawai, da haki yake sanyaya jikinsa, yawun da ke kan harshe da maƙogwaro ya bushe ya tafi da zafin. To a dajin kudu inda iska take cike da danshi yawun nan ba ya bushewa da sauri, sai kaga kare yana ta haki amma jikin bai sauka ba. Lafiyayyen kare zafin jikinsa tsakanin digiri 38 ne zuwa 39 da ɗigo kaɗan, in ya haura 41 an shiga haɗari, ƙoda da hanji da ƙwaƙwalwa duk suna iya taɓuwa. Ga Alsatian gashi biyu gare shi, na sama da na ƙasa. Abin da ya fi damuna kuma shi ne halin kare, in dai yaga ubangidansa na gaba to zai bi ko da zai faɗi, ba zai tsaya ya nuna maka ya gaji ba, kai ne za ka karanta. In harshen ya zaro da tsawo ya yi faɗi a ƙarshe, yawu ya yi kauri yana yauƙi, dasashi ya yi jajur, ko ya fara neman inuwa yana kwanciya ko yana tangaɗi, to tafiya ta ƙare anan. Ka kai shi inuwa, ka dinga kwara masa ruwa mai sanyi a ciki da hammata da matsematsi, kuna yi masa fifita, ka bashi ya sha kaɗan kaɗan, kar ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul dan yana riƙe zafin ne, daga nan sai mota da esi a kunne zuwa asibitin dabbobi ko da ya nuna kamar ya warware.

Idanre kusa da Akure take a jihar Ondo, matakalarta sama da 600 ce kafin ka kai tsohon garin da ke saman, sannan akwai fili na zallar dutse da rana ke gasawa. Ku fara hawa da an buɗe da safe, kafin rana ta take ku kun sauko. Ka ɗora bayan hannunka kan dutsen ka ƙirga bakwai, in ka kasa jurewa to shi ma tafinsa zai sale. Erin-Ijesha kuma hawa bakwai ne, daga ƙasa akwai sauƙi amma can sama sai da kama saiwa da duwatsu masu santsi, ni dai da kare mai kilo 30 ba zan wuce hawan farko ba, dan in ya gurɗe kai za ka saɓo shi a kafaɗa. Kuma tun kafin ku tashi daga Legas ka tambayi masu kula da wuraren ko suna barin a shiga da kare, kar ku sha doguwar hanya a tsaida ku a get.

Karen da rayuwarsa daga keji sai tsakar gida ba a ɗauke shi kai tsaye a kai shi dutse. Ka bashi wata ɗaya da rabi zuwa biyu, bayan sallar asuba ku fita minti ashirin, duk sati ka ƙara, har ya iya awa ɗaya da rabi ba tare da ya zube ba, in kun samu gadar masu tafiya a ƙasa ku hau ku sauka ya saba da matakala. Shekara biyu ƙashinsa ya gama ƙwari, da ɗan wata takwas ne da na ce a'a.

Ruwa kuma ka ɗauki nasa daban da kwanonsa daban. Kare yana shan wajen mil 50 zuwa 60 a duk kilo a rana, naka kenan kusan lita biyu yana zaune ma, ranar hawa ka ninka. Kar ka barshi ya sha kwantaccen ruwan kududdufi, akwai cutar da fitsarin ɓera ke zubawa a ciki mai lalata ƙoda da hanta, har mutum tana kamawa, tana cikin allurar haɗin nan ta shekara shekara, sai ka duba katinsa ita da ta haukan kare duk ba su wuce lokaci ba. Kar kuma ka cika masa ciki dab da hawa, manyan karnuka masu zurfin ƙirji cikinsu na iya kumbura ya murɗe.

Yanzu macijin. A irin wuraren nan akwai kasa da gamsheƙa, kuma yawanci a fuska ko ƙafar gaba ake saran kare saboda shi ke cusa hanci cikin ganye. Maganin abin igiya ce, kar ka kwance shi ko na minti ɗaya, ka sa masa ɗamarar ƙirji maimakon ta wuya. Igiyar nan ita za ta hana shi bin biri, ta hana shi faɗawa tarkon waya na mafarauta, ta kuma kwantar da hankalin mutane, kasan da yawa cikin 'yan'uwanmu ba sa son kare ya raɓe su ko ya lashi kayansu, haƙƙinsu ne. In tsautsayi ya faru kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure tamau, a ɗauke shi kar ya taka, a nufi likita. In gamsheƙa ce ta tofa masa a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take. Dan Allah kar ka bashi ibuprofen ko diclofenac ko farasitamol na mutane, suna iya kashe shi. Ka nemi lambar asibitin dabbobi a Akure ka ajiye a waya tun daga gida.

Sai abin da mutane ke mantawa, wato bayan an dawo. Akwai wani kare da aka kawo min, an kai shi gona a daji ya dawo garau, bayan kamar sati biyu ya daina cin abinci, da na ɗaga leɓensa dasashin fari fat, idonsa kuma ya yi hazo kamar an ɗiga madara a ciki, maigidan yana ta kiran sunansa shi kuma yana juya kai bai san ta ina muryar take ba. Sammore ne, ƙudan tsando ya cije shi. Har yau abin na taɓa ni dan da an kawo shi ranar da zazzaɓin ya fara da aikin ya zo da sauƙi. Kaska ma haka, tana sa cutar da ke fasa jini. Ka bashi maganin kaska irin NexGard ko Bravecto daidai nauyinsa kwanaki kafin tafiya, daren da kuka sauko ka zauna da tocila ka bi cikin kunne da tsakanin yatsu da ƙarƙashin wuya da gindin wutsiya, wadda ka gani ka kama ta dab da fata ka zare a miƙe, banda kalanzir. Sannan har wata ɗaya ka dinga ɗaga leɓensa kowace safiya, in launin ya koɗe ko ya bar abinci kwana ɗaya ka kawo shi a ɗebi jini, kuma ka faɗa wa likitan cewa kun shiga daji da ranar da kuka shiga.