Shin sai an zubar da jinin gaske fim ɗin ban tsoro yake tsoratarwa?

Tambaya: Malam, ni da abokaina muna shirin ɗaukar gajeren fim na ban tsoro a Kano. Muna ta gardama: Psycho ko The Exorcist, wanne za mu koya daga gare shi? Wani ya ce in ba mu samo jini daga kwata ba, muka riƙe wuƙar gaske, muka kunna wuta da fetur, ba wanda zai ji tsoro. Hankalina bai kwanta ba, don ƙanwata ce za ta fito a ciki.

Amsa: Ƙanina, gara da hankalinka bai kwanta ba.

Gardamarku ba ta da wuya. The Exorcist na 1973 fim ne na kwalliya da na'ura: mai kwalliyar fim Dick Smith ya sauya fuskar yarinyar da aljani ya shiga a labarin, aka sanyaya ɗakin har tururin numfashi ya fito a hoto. Wannan aiki ne na kuɗi da ƙwararru, ku kuwa ba ku da ko ɗaya. Psycho na darakta Hitchcock, 1960, shi ne malaminku. Zullumi ne jarinsa: mai kallo ya san masifa na tafe, bai san lokacinta ba.

Sai maganar abokin nan, wadda nake ji kusan kullum har ta ishe ni. Jinin da ke malala a banɗaki, inda aka kashe wata mata da wuƙa a Psycho, ruwan cakulan ne, domin fim ɗin baƙi da fari ne, kuma ya fi kama ido a haka. Ƙarar sukan wuƙa, wani abu mai kama da kankana aka riƙa soka. Sauran kuwa saurin yanka hoto ne da kukan gogen da mai tsara kiɗa Bernard Herrmann ya shirya. A Jaws na 1975, fim kan wani ƙaton kifi mai cin mutane, kifin ƙarfen da aka ƙera ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole darakta Spielberg ya ɓoye shi a yawancin fim ɗin, ya bar kiɗa da motsin ruwa suna aiki. Gaban mutane ya fi faɗuwa a haka.

Kyamara ba ta san gaske ba, kama kawai ta sani. Jinin dabba yana daskarewa, ya yi duhu, ya yi wari, ya tara ƙuda, in ya taɓa rauni ko ido kuma yana iya sa cuta. Fetur ba ya jiran darakta ya ce a tsaya. Masu cewa ai Turawa ma haka suke yi, su sani an biya da rayuka: a 1982 jirgi mai saukar ungulu ya faɗo wajen ɗaukar Twilight Zone, ya kashe ɗan wasa Vic Morrow da yara biyu. A 1993 ɗan wasa Brandon Lee ya mutu da harbin bindigar gaske da aka yi amfani da ita wajen ɗaukar The Crow. Ko a The Exorcist ɗin, an fizgi 'yar wasa Ellen Burstyn da igiya ta ji ciwo a baya. Can ke nan da ake da ƙwararru da motar asibiti. Ku wa zai ɗauki ƙanwarka in rigarta ta kama da wuta?

Ku sayi wuƙar roba. Ku haɗa jini da zuma da kalar abinci ja da ɗan garin koko. Wuta kuwa ku cire ta daga labarin gaba ɗaya. Kuɗin da ya rage ku zuba shi a makirufo mai kyau da fitila ɗaya, ku koyi riƙe hoto a kan ƙofar da ba a buɗe ba tukuna.