Amsa ga mai son auna taurin ƙwayoyin jinin sikila a Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina digiri na biyu a Jos, kina son auna taurin jajayen ƙwayoyin jinin masu sikila ta hanyar tura su cikin 'yan siraran magudanai da ake zanawa a jikin robar PDMS, kina tambaya ko zai yiwu a nan gida. Zai yiwu. Na taɓa aikin nan, kuma magudanar ce mafi sauƙi a cikinsa.

Lafiyayyar ƙwaya faɗinta kusan maikromita 8 ne (maikromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma takan lanƙwashe ta ratsa jijiyar da ba ta kai ta faɗi ba. Ta sikila kan ƙage. A 2015 ɗakin binciken Jochen Guck da ke Dresden a Jamus ya fito da hanyar da ƙwayoyi ke bi ta magudana mai faɗin maikromita 20, kyamara mai sauri tana ɗaukar sama da 100 a daƙiƙa guda. Kyamarar nan kuɗi ce. Ni dai shawarata ki bi tsarin da aka gwada a Jami'ar Washington a 2003 kan zazzaɓin cizon sauro: magudanai daga maikromita 2 zuwa 8, ki ƙirga wacce ta wuce da wacce ta maƙale. Maikroskof na yau da kullum ya ishe ki.

Inda ake faɗuwa shi ne jinin kansa. Ki zuba shi a kwalba mai hula launin shunayya, ta EDTA, sinadarin da ke hana jini daskarewa, kuma ki auna shi cikin 'yan awoyi, kada ya kwana. Ki tambayi mai jinin ko an yi masa ƙarin jini cikin wata uku, domin ƙwayar da aka ba shi tana iya kai kwana 120, tasa kuwa 10 zuwa 20 ne kawai. Idan ba ki tambaya ba, jinin wani za ki auna. Haka ma mai shan maganin sikila na hydroxyurea, ki ware shi daban.

Sai batun iska. Da ƙwayar sikila ta sami oksijin, yawanci sai ta koma siffarta kamar ba ita ba, ga shi PDMS na barin iska ta ratsa. Dole ki rage oksijin da naitrojin, ko da sodium metabisulphite ɗin da muke gwajin sikila da shi.

Kada ki raina sanyin Jos. Ruwan da ake tsarma jinin yakan yi kauri da safe lokacin hunturu, sakamakon ƙarfe bakwai ya saɓa da na azahar, don haka ki riƙa rubuta zafin ɗaki kowane gwaji. Ƙurar hunturu kuwa, ƙwara ɗaya ta isa ta toshe magudana. Ki tace ruwan da matacin maikromita 0.22. Famfon sirinjin da ke tura jinin cikin magudana ma ki ɗora shi a kan inbata, don in aka ɗauke wuta a tsakiya gwajin ya tashi a banza.

Ki fara neman izinin kwamitin ɗa'a na asibitin da za ki ɗebi jinin tun yanzu, yana cin lokaci. Allah ya ba da sa'a.