Tambayi Anti: Ɗakin ɗinkina ya cushe, idona kuma ya fara gajiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya yara, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema, ni tela ce a gida nake ɗinki anan Rigasa, ɗaki ɗaya maigida ya bar min ƙafa 10 da 12, inada Butterfly mai ƙafa da indastiriyal ɗaya da keken wibin, ga yara biyu masu koyo. Wallahi ɗakin ya cushe, kayan mutane duk a buhunan Ghana da ledoji a ƙasa, kwanaki saida na kwashe rabin yini ina neman ragowar leshin wata amarya. Ƙwai ɗaya ne a tsakiyar silin, da magariba tayi bana iya zura zare sai na kunna tocilan waya, in baƙin yadi ne kuwa har hawaye idona yakeyi. Ƙarshen wata zan ɗauki adashe dubu 150, ƙawata tace in sa kafinta ya min shoglas babba mai madubi irin na shago saboda kwastomomi su ga aji. Me zan fara yi Anti? Daga ƙanwarki a Rigasa.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ni dai in kuɗin nan a hannuna suke shoglas zai jira, haske zan fara gyarawa, dan gaskiya hawayen nan da kikace idonki nayi akan baƙin yadi ya dameni fiye da cushewar ɗakin, tela da idonta take cin abinci.

Bari in miki lissafi kaɗan kiga inda kike. Ƙwan LED mai wat 9 in mai kyau ne lumen 800 yake bayarwa, lumen shine ma'aunin yawan hasken ƙwai, daidai da tsohon ƙwan nan mai zafi na wat 60, zaki ga an rubuta lumen ɗin a jikin kwalin. Ɗakinki kuma kusan murabba'in mita 11 ne. In kika raba 800 gida 11 kinga 70 da 'yan kai kenan, wannan shine lux, wato hasken da ya sauka akan kowace murabba'in mita. Toh ƙa'idar hasken wurin aiki ta ƙasashen Turai lux 750 ta ware wa ɗinki. Kinga kenan da kashi ɗaya cikin goma kike aiki, kuma shi ɗin ma a bayan keyarki yake, kanki da kafaɗarki suna tare shi inuwa na faɗawa daidai kan allura. Ba laifin idonki bane kawai.

Abu na farko mai arha, fitilar keke. Akwai 'yar ƙaramar LED mai wuya dogo da ake lanƙwasawa, gindinta maganaɗisu ne, kina ɗorawa a kan Butterfly ko indastiriyal take mannewa tunda kansu ƙarfe ne, masu saida kayan keken ɗinki a Kasuwar Gumi da Kasuwar Barci sun santa. Kowane keke da tasa, har na yaran dake koyo, dan suma 'ya'yan mutane ne amana aka baki. Ki lanƙwasota ta hagu daga baya kaɗan yadda hasken zai sauka kan farantin allura bai shiga idonki ba, in kina ganin ƙwan da kansa yana kashe miki ido toh bata zauna daidai ba ki ƙara sunkuyar da ita.

Sai na sama. Ki sa mai wayarin ya cire dogaro da ƙwai ɗayan nan ya sa miki dogayen LED masu ƙafa 4 guda biyu, irin masu wat 18, ɗaya a saman layin kekuna ɗan gaba da inda kike zama, ɗaya a saman inda kike yanka. Dogo yafi ƙwai zagayayye a aikinmu saboda hasken yana bazuwa, inuwar almakashi bata yin kauri. Ki duba lambar da ta ƙare da K a kwali, 2700K ko 3000K ruwan ɗorawa ne, a ƙarƙashinsa nebi da baƙi duk ɗaya suke, fari da madara ma haka, nan ne tela take ɗinka shadda nebi da baƙin zare sai gari ya waye ta ga ɓarna. 4000K zuwa 5000K shine daidai, 6500K wanda yafi yawa a kasuwa shima zaiyi saidai yana ɗan yin shuɗi-shuɗi wasu yana gajiyar dasu da dare. Duk wanda kika zaɓa ki sa iri ɗaya a ɗakin gaba ɗaya, kar ki gauraya fari da ɗorawa. In kinga an rubuta CRI ko Ra, wato ma'aunin yadda ƙwai ke nuna kala, 80 ne mafi ƙaranci da zaki yarda dashi, 90 yafi nuna kala yadda take. Kuma kafin ki biya ki ce a kunna miki, ki haska kyamarar waya, in kinga layi-layi suna gudu a fuskar wayar toh ƙwan yana ƙyafta-ƙyafta ne ido baya kamawa, irinsa ke sa ciwon kai musamman da allura na hawa da sauka a guje. Duk da haka haɗa zare da yadi kiyi shi da rana a bakin taga, ba ƙwan da ya kai wannan.

Tagar ma ki duba yadda kika zauna da ita. Kar ki fuskance ta, kar kuma ki bata baya, ki juya keken ta zama a gefenki na hagu. In bangon ɗakin siminti ne zalla ko fenti mai duhu, bokitin farin fenti ɗaya zai canza ɗakin sosai dan farin bango yana dawo da haske, mai duhu shanyewa yakeyi.

Nasan zaki ce toh Anti in an ɗauke wuta fa, tunda kusan sallah da dare ake aikin. Dogaye biyu da fitilun keke uku duka basu wuce wat 45 ba, in kika kunna su awa 5 wat-awa 225 kenan. Batir mai bolt 12 da amf-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200, in irin mai ruwa ne rabi ake sha a bar rabi dan kar ya mutu da wuri, 600 kenan, ya isheki dare biyu harda cajin waya. Faifan sola mai wat 100 a ranar Kaduna zai mayar da abinda kika sha a yini ɗaya, saidai da hunturu sai kin riƙa goge masa ƙura. In kuɗin basu kai nan ba yanzu, ki sayi fitilar tebur mai caji guda biyu masu wuya, da Butterfly mai ƙafa aikinki bazai tsaya ba. Dutsen guga dai kar ki kuskura ki haɗa shi da ƙaramin inbata.

Baki faɗi shekarunki ba, amma in kin doshi 40 ko kin wuce, ganin kusa yana raguwa ga kowa daga nan, ido kuma yana ƙara neman haske da shekaru. In kin gyara wutar sati biyu hawayen bai daina ba, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan a garinmu ta wajen Mando, kije a auna ki, kar ki sayi gilashi a tire a bakin hanya.

Yanzu ajiya. Maganata ɗaya ce, kayan mutane su tashi daga ƙasa. Kije Panteka ki sa mai walda ya miki kanta da ƙarfe mai kwana, a shimfiɗa filawud, tsayinta ya kusa silin tunda ƙasan ɗakin ya cika amma sama fili ne. Zurfinta inci 16 ya isa atamfa a ninke, in tayi zurfi da yawa kaya na ɓuya a baya ki manta dasu. Hawan farko ya tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, a kuma bar 'yar tazara tsakaninta da bango saboda damshin Agusta da Satumba da kuma gara. In kafinta yace zai miki da MDF, allon nan na garin katako da aka matse, dan yafi sheƙi kice a'a, ruwa na taɓa shi yake kumbura. A ɗaure kantar da bango da ƙusa mai kyau, yaran gida hawa sukeyi. Gabanta ki sa labule kawai, shi zai tare ƙurar hunturu da rana, dan rana tana cin kalar yadi kuma tana sa zare ya riƙa tsinkewa.

Leshin amaryar da ya ɓace kuwa ba kanta ce zata hana irinsa ba, tsari ne. Kowace kwastoma ledarta mai zif wadda ake ganin ciki, da takarda a ciki, suna, ranar kawowa, ranar karɓa, yadi nawa ta kawo, da an yanka ragowar ƙyallen ya koma ledar nan take ba anjima ba. Ki raba kantar, wanda ba'a taɓa ba wurinsa daban, wanda aka yanka daban, wanda aka gama kuma a rataye shi a hanga akan bututun ƙarfe da za'a kafa miki a kusurwa. Ki koya wa yaranki wannan tun yanzu. Wallahi matar da ta shigo ta faɗi sunanta kika miƙa hannu kika ɗauko kayanta harda ragowar ƙyallenta, ta ga ajin da madubi bazai nuna mata ba, kuma ita zata kawo miki ƙawayenta.

Zare ki samu guntun filawud a bubbuga ƙusa inci 3 a ɗan karkace sama, ki jera su kala-kala a bangon da rana bata bugu. Maɓalli da zif da bobin da duwatsu, robobin mayonis da aka wanke sun isa. Maganaɗisu ɗaya a gefen kowane keke dan fil da allurar da ta karye.

In kuɗi sun rage bayan wannan, teburin yanka mai naɗewa a jikin bango, tsayinsa daidai ƙugunki, wajen santimita 85 zuwa 90 ga yawancin mata. Filawud ƙafa 4 da 8 yake zuwa, faɗin atamfa kuma bai wuce inci 48 ba, kinga zata kwanta a kai ba ninki, sai a rage tsawon zuwa ƙafa 6 saboda ɗakin. Yanka a tabarma a duƙe shi ke kawo ciwon bayan da teloli mata da yawa suke kuka dashi. Ki taya a wuri biyu ko uku kafin ki bada aiki.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Da damina kayan ɗakin ɗinkina suna warin damshi har wata shadda ta fara fumfuna, sai na zuba kafur a kowace jaka, toh yanzu na haihu jaririn yana kwanciya kusa dani in ina aiki, ba damuwa? Daga maijego a Kabala.

AMSA: Barka da arziki 'yata, Allah ya raya. Akwai damuwa, ki kwashe kafur ɗin nan yau ɗin nan. Fararen ƙwallayen da ake saidawa a kasuwa yawancinsu naftalin ne, kuma akwai jarirai masu ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, abun yana da yawa a Najeriya musamman a 'ya'ya maza, shaƙar naftalin ko sa kayan da aka ajiye dashi yana iya farfasa musu ƙwayoyin jini ya kawo ciwon shawara mai tsanani. Ki fidda kayan waje su sha iska, na jaririn a wanke, in kinga idonsa ko fatarsa sunyi ɗorawa asibiti kai tsaye, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Kuma kafur dama dan ƙwari ake sa shi, damshin yana nan inda yake. Ki ɗaga jakunkunan daga ƙasa da jikin bango, kar ki rufe yadi a leda da ɗumin guga ko feshin ruwa a jikinsa, ranar da gari ya buɗe ki buɗe taga da ƙofa ki kunna fanka. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin takalmi da jaka ki riƙa tarawa kina jefawa a robobin kaya, saidai nesa da hannun yara. Shaddar da ta yi fumfuna ki gaya wa mai ita kafin ki taɓa ta da komai.

TAMBAYA: Salam Anti. Inaso in gyara wa iyalina ɗakin ɗinki kafin ta dawo daga ganin gida, soket ɗaya ne a ɗakin sai ekstenshin, ya wadatar? Daga wani magidanci a Malali.

AMSA: Allah ya saka da alheri Malam, amma ka kira ta tukun ta faɗa maka inda take zama da inda take guga, ita ta san ɗakin. Soket ɗaya bai wadatar ba. Dutsen guga kaɗai yana jan wat 1,000 ko fiye, 'yan ekstenshin na kasuwa kuma wayarsu siririya ce suna zafi, ga ɗaki cike da yadi da soso. Ka samu mai wayarin da ya san aikinsa ya sa wa dutsen guga soket nasa a bango mai amf 13 da waya mai kauri wadda suke kira 2.5mm, kowane keke mai mota shima da nasa, a ɗaga su daidai tsayin tebur yadda waya bazata bi ƙasa ba kuma ƙaramin yaro bazai kai ba. In indastiriyal ɗinta mai tsohuwar mota ce wadda ke ta gurnani ko ba'a taka ba, ka tambayi kuɗin irin motar da ake kira servo, ita sai an taka take juyawa, tafi shiru kuma bata shan wuta kamar waccan.