Me ya sa ake cewa The Beatles sun canza kiɗan duniya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai son kiɗa ne, ina kuma ɗan taɓa haɗa sauti a kwamfuta. Duk inda na leƙa sai in ji ana cewa babu ƙungiyar da ta yi tasiri a kan mawaƙan da suka biyo bayanta kamar The Beatles. Na nemo waƙoƙinsu na saurara, gaskiya ban ji abin da ya girgiza ni ba, kiɗa ne dai irin na da. Shin kambamawar Turawa ce kawai, ko akwai abin da ban gano ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka bai yaudare ka ba. Ka zo duniya ne bayan kowa ya gama kwashe dabarun mutanen nan ya saka a nasa aikin, shi ya sa da ka koma tushen sai ka ji kamar ka saba da shi. Yaron da ya tashi ya tarar da lantarki a gidansu ai ba zai tsaya kallon ƙwan fitila ba. Kambamawa kam akwai ta, zan zo kanta. Amma tasirin ba ƙarya ba ne, kuma mafi yawansa yana cikin yadda suka sauya tsarin sana'ar kanta.

Samari huɗu ne daga Liverpool: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr, wanda ya shigo daga baya a 1962. Sun goge ne a gidajen rawa na Hamburg da ke Jamus, inda sukan kwana suna kiɗa. Faifansu na farko ya fito a watan Oktoban 1962, a 1970 kuma suka watse. Wato duk wannan surutun a kan aikin da bai cika shekara takwas ba ake yin sa.

Abu na farko shi ne rubuta wa kai waƙa. Mu a nan wannan ba labari ba ne, don su Shata da Ɗan Maraya su ke ƙirƙirar abinsu su rera. A kasuwar waƙa ta Ingila da Amurka kuwa aikin a rabe yake: marubuta na zaune a ofis, a titin Denmark na Landan ko ginin Brill na New York, kamfani ya zaɓo waƙa ya miƙa wa mai murya, ya ɗauko makaɗan haya su buga. Elvis Presley kansa, duk da sunansa, ba shi ke rubuta waƙoƙinsa ba. Haka furodusan Beatles, George Martin, ya so yi da su, ya kawo musu wata waƙa da wani ya rubuta, yana da yaƙinin za ta karɓu. Suka rera ta ba da son ransu ba, suka dage sai tasu za a fitar. Martin ya miƙa waƙar ga wata ƙungiyar Liverpool, Gerry and the Pacemakers, ta kuwa kai ta ɗaya. Ka ga bai yi kuskuren lissafi ba, amma yaran sun yi nasarar da ta fi wannan: a cikin waƙoƙi 14 na albam ɗinsu na farko, 8 nasu ne.

Wannan ya taɓa The Rolling Stones kai tsaye. A 1963 suna neman waƙar da za su fitar, sai Lennon da McCartney suka shigo wurin da suke gwaji, suka koma gefe suka ƙarasa "I Wanna Be Your Man" a gabansu, suka ba su. Mick Jagger da Keith Richards, waɗanda har lokacin waƙoƙin baƙaƙen Amurka suke maimaitawa, suka ga da idonsu cewa abin mai yiwuwa ne, manajansu kuma ya matsa musu lamba har suka fara rubuta nasu. Kafin ƙarshen shekarun 1960, ƙungiyar rok da ba ta rubuta wa kanta waƙa sai a riƙa yi mata kallon 'yan koyo. Akwai waɗanda suka riga su, irin su Chuck Berry da Buddy Holly, amma Beatles ne suka mai da abin ya zama ƙa'ida.

Sai daren 9 ga Fabrairu 1964, da suka fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka. An ƙiyasta mutum miliyan 73 suka kalla. Tom Petty da Billy Joel da wasu da dama da suka zama manya daga baya sun sha faɗin cewa a daren ne suka yanke shawarar abin da za su yi da rayuwarsu. Me suka gani? Abokai huɗu, jita biyu, jitar bas ɗaya, ganguna, babu maigida a gaba da 'yan amshi a baya, kowa da nasa rabon. Yaro zai iya duban abokansa na layi ya ce mu ma mu huɗu ne. A farkon watan Afrilun shekarar, waƙoƙinsu ne suka riƙe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ƙofar Amurka kuma ta buɗe wa sauran 'yan Birtaniya irin su The Animals da The Kinks da The Who.

Wani tasirin har da kayan aiki ana iya bin sawunsa. Roger McGuinn ya ga Harrison riƙe da jitar Rickenbacker mai tsirkiya 12 a fim ɗinsu na 1964, ya je ya nemi irinta. Da ita ƙungiyarsa The Byrds ta ɗauki waƙar Bob Dylan ta sa mata lantarki a 1965, aka sami wani reshe sabo da ya haɗa waƙar gargajiyar Amurka da rok. Wannan amo mai ƙyalƙyali shi ya gangaro har zuwa Tom Petty da R.E.M. Haka da Harrison ya buga sitar ta Indiya a "Norwegian Wood" a ƙarshen 1965, ba a yi shekara ba Brian Jones na Stones ya ɗauke ta, Ravi Shankar, gwanin sitar ɗan Indiya, kuma ya wayi gari matasan Turai da Amurka na rububinsa.

Amma tunda kai mai haɗa sauti ne, inda ya fi shafarka shi ne situdiyo, kuma a ganina nan ne babban gadon nasu yake. Kafin su, situdiyo wuri ne da ake zuwa a ɗauki abin da ƙungiya ke bugawa a dandali. Su ma haka suka fara, yawancin albam ɗinsu na farko a yini guda aka ɗauke shi, ranar 11 ga Fabrairu 1963. Daga baya ihun 'yan kallo ya kai ko kansu ba sa ji, suka yi wasansu na ƙarshe na yawo a San Francisco ranar 29 ga Agusta 1966, suka koma situdiyon Abbey Road da ke Landan suka tare. Tunda ba za a sake neman su buga waƙa a gaban jama'a ba, babu abin da zai hana su ƙera sautin da hannu ba zai iya bugawa ba.

Duba yadda aka yi "Tomorrow Never Knows" a watan Afrilun 1966. Babu kwamfuta, tef ne kawai. Aka ɗauki guntayen sauti, aka yanka tef ɗin aka manne bakinsa da wutsiyarsa ya zama zobe mai juyawa ba iyaka, wasu aka ƙara musu gudu. Aka rarraba zobban a kan na'urori a ɗakuna daban-daban na ginin, ma'aikata na tsaye riƙe da fensir suna ɗame tef ɗin don kada ya saki, su kuma suna kan teburin haɗa sauti suna ɗaga wannan su sauke wancan. Injiniyansu Geoff Emerick ya cusa rigar sanyi a cikin babbar gangar Ringo, ya matso da makirfo kusa fiye da yadda dokar kamfanin ta yarda, ya kuma bi da muryar Lennon ta cikin lasifika mai juyawa da aka ƙera don ogan, kayan kiɗan coci mai kama da fiyano. Abin da kake yi yau da dannawa biyu, ka ɗauko guntun sauti ka sa shi yana maimaita kansa a kan ganga mai nauyi, ga kakansa nan. Shekara 30 bayan haka The Chemical Brothers, masu kiɗan na'ura, suka fitar da waƙa tare da Noel Gallagher na ƙungiyar Oasis wadda duk wanda ya ji ta ya san inda ta samo asali.

Lennon ya tsani rera waƙa sau biyu don a ninka muryarsa ta yi kauri. Saboda ƙorafinsa wani injiniyan Abbey Road, Ken Townsend, ya ƙirƙiro dabarar da na'ura za ta kwafi muryar ta jinkirta ta da ɗan ƙiftawar ido, sai a ji kamar mutum biyu. Jikokin wannan dabara suna cikin manhajar da ake aiki da ita a situdiyoyin Zoo Road a Kano. Akwai ma wani labari mai ban dariya a nan: lokacin da ƙungiyar Nirvana ke ɗaukar albam ɗinta Nevermind a 1991, mawaƙinsu Kurt Cobain ya ƙi yarda a ninka muryarsa, sai furodusa Butch Vig ya ce masa ai John Lennon ma yana yi. Nan take ya amince.

Tasirin bai tafi ta hanya ɗaya ba, gasa ce. Brian Wilson na The Beach Boys ya ji Rubber Soul na Beatles a ƙarshen 1965, ya ga albam ne da babu waƙar cike gurbi a cikinsa, ya sha alwashin yin wanda ya fi shi. Ya fitar da Pet Sounds a watan Mayun 1966. McCartney ya ji, hankalinsa ya tashi, suka amsa da Sgt. Pepper a 1967, wanda da na'ura mai layi huɗu kacal aka ɗauke shi: idan layukan sun cika sai a haɗe su a kwashe zuwa wata na'urar a sami sarari. Daga wannan ja-in-ja ne albam ya tashi daga tarin waƙoƙi ya zama aiki guda da ake saurara daga farko zuwa ƙarshe, turbar da Pink Floyd da ire-irensu suka bi. Har Barazil abin ya kai, inda Gilberto Gil da Caetano Veloso da Os Mutantes suka gauraya shi da kiɗan ƙasarsu.

Yanzu ga maganar kambamawa. Su kansu Beatles 'ya'yan kiɗan baƙaƙen Amurka ne. Chuck Berry da Little Richard da mawaƙan kamfanin Motown su ne malamansu, albam ɗinsu na farko-farko cike suke da waƙoƙin waɗannan mutane, kuma ba su taɓa ɓoye hakan ba. A 1964 ma sun ce ba za su yi wasa a Jacksonville ba muddin za a raba wa baƙi da farare wurin zama. Duk da haka gaskiya ɗaya ce: kuɗi da sunan da suka samu ya ninka na malaman nasu, kuma launin fata na cikin dalilan. Wanda ya ce maka su suka ƙirƙiro rok, ko su suka fara wasa da tef, bai san tarihi ba. Makaɗin jita Les Paul ya daɗe yana jera sauti a kan sauti, mawaƙan gwaji na Faransa da Jamus kuma sun riga su yanka tef. Abin da suka yi shi ne ɗauko dabarun da ke ɓoye a ɗakunan gwaji su saka a waƙar da ake ji a rediyo. Har Najeriya tana da ɗan rabonta a bashin: kalmomin amshin "Ob-La-Di, Ob-La-Da" daga bakin Jimmy Scott McCartney ya ji su, wani ɗan Najeriya mai kiɗan ganga a Landan. Da McCartney ya zo Legas ɗaukar albam a 1973 kuwa, Fela ya zarge shi a bainar jama'a da zuwa satar kiɗan Afirka, sai da ya kunna masa abin da ya ɗauka kafin ƙura ta lafa.

Ni a nawa ra'ayin, waɗanda suka fi kama da su a kunne su ne suka fi ƙarancin amfana. Oasis sun ɗauki askin, sun ɗauki salon, Liam Gallagher har ya raɗa wa ɗansa suna Lennon, sun kuma yi waƙoƙi masu daɗi, amma sun tsaya a wuri ɗaya, abin da Beatles ba su taɓa yi ba. Ozzy Osbourne kuwa, wanda ya ce jin "She Loves You" ne ya sa shi sha'awar waƙa, ya je ya kafa Black Sabbath, kiɗan da ko kusa bai yi kama da nasu ba.

Idan kana son ka ji abin da kunnenka, kada ka saurare su a warwatse. Kunna albam ɗinsu na farko na 1963, ka bi shi da Revolver na 1966, kana tuna cewa shekara uku ce tsakani kuma mutanen ba su canza ba. Sannan ka sa abin ji a kunne ka kunna "Strawberry Fields Forever". Ɗauka biyu ce daban, gudunsu ba ɗaya ba, tsayin amonsu ba ɗaya ba, Lennon ya ce yana son farkon wannan da ƙarshen waccan. Martin da Emerick suka ƙara wa ɗaya gudu, suka rage wa ɗayar, har suka haɗu, suka yanka tef da almakashi suka manne. Mahaɗin yana daidai wajen minti ɗaya da farawa.