Gajiyar cutar SEP: wane magani, wa zai biya, da zancen ƙullin mai tebur

TAMBAYA

Assalamu alaikum likita. Daga unguwar Zariya nake rubuto maka, a nan Maradi, kuma hankalina a tashe yake. Shekara biyu ke nan da likitan jijiya a Yamai ya tabbatar mana, bayan hoton IRM, na na'urar da ke nuna cikin ƙwaƙwalwa da laka, cewa maiɗakina tana da cutar SEP, wadda wasu ke kira MS, cutar da ke ƙuje jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka har ta taɓa ƙafa ko ido. Shekarunta 33, 'ya'yanmu uku. Ƙafar ta warware, idon ma ya dawo, amma gajiya ta ƙi sakinta. Kafin hantsi ta zube kamar an zare mata laka. An rubuta mata Mantadix, sai asurans ɗin wurin aikina, masu biyan kashi 80 cikin 100, suka mayar da takardar, wai ba maganin cutarta ba ne. Daga nan gwaggona ta kawo mata ƙullin ƙwayoyi daga wurin wani mai tebur. Yau sati uku tana sha, kuma wallahi tana tashi ta yi girki. Wani maƙwabcinmu da ya taɓa aiki a asibiti ya ce ai dangin ruwan da aka ƙara mata ne lokacin da ciwon ya tashi, ba komai. In bar ta ta ci gaba? Wane ne maganin gaskiya, kuma yaya zan yi asurans su biya?

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ba maiɗakinka lafiya, Ya saka maka da alheri bisa tsayuwar da kake yi mata. Zan fara da ƙullin nan, don shi ne ya hana ni sakewa tun da na karanta wasiƙarka.

Kada ta ci gaba. Amma kuma kada ka ƙwace shi yau da dare ka watsa a masai. Sati uku ya isa jiki ya saba, yankewa farat ɗaya kuwa na iya kwantar da ita fiye da da. Ku ɗauki ƙullin da ya rage ku kai wa likita cikin satin nan, shi zai tsara yadda za a janye shi a hankali.

Na kwance irin waɗannan ƙulle-ƙulle a kan teburina sau da yawa. Leda ce 'yar ƙarama da ƙwaya huɗu ko biyar, ba kwali, ba suna, ba ranar lalacewa. Abin da na fi tararwa a ciki shi ne dekisa, wato dexaméthasone, da Tramol, sai wata ƙwayar ciwon jiki da 'yar bitamin don ado. Maƙwabcinku bai yi ƙarya ba da ya ce dangi ɗaya ne da ruwan da aka ƙara mata. Inda ya ɓata shi ne "ba komai". Ruwan nan, méthylprednisolone, giram ɗaya ake ba da shi a rana, kwana 3 zuwa 5, a tsaya. Aikinsa ya gaggauta lafawar ciwon da ya tashi. Ba ya hana cutar dawowa, kuma ba a yin sa don gajiyar SEP. Wutar da aka hura don a ƙona ciyawa a kashe, ita ce mutane ke so su shigar cikin ɗaki su kwana da ita.

Na san abin da ke ruɗin mutane, don ni ma ina ganinsa da idona. Satin farko mace ta tashi da asuba ta share tsakar gida, ta ci tuwo ta ƙara, fuska ta ciko, dangi su ce Alhamdulillahi ta murmure, har ta yi kumatu. Wannan kumatun shi ne alamar farko ta ɓarna. Bashi ne da ruwa jiki ya ci. Bayan 'yan watanni sukari ya hau, hawan jini ya shigo, barci ya ƙaurace, ƙashi ya yi ta zagwanyewa ba a sani ba. Naman cinya ya zube, ita da ƙafarta dama ba ta gama ƙwari ba. Garkuwar jiki ta kwanta, tarin fuka da ke ɓoye ya samu ƙofa. In kuma tana karɓar maganin hana tashin cutar irin su rituximab, wanda shi ma rage garkuwa yake yi, to an haɗa biyu ke nan. Sannan 'yan halittun nan da ke saman ƙoda, masu yi wa jiki nasa kotizon, wato sinadarin da dekisa ke kwaikwaya, sai su daina aiki tunda ana kawo musu na waje. Ranar da mai tebur ya yi tafiya ko kuɗi suka yanke, sai amai, jiri, jini ya faɗi, gajiyar da ta ninka ta farko. Sai a ce ka gani, ashe maganin ne ke riƙe da ita, a koma a sayo.

Akwai wata matashiya da ba na mantawa. An shigo da ita a kan kujerar guragu, fuska kamar wata ɗan daren sha huɗu, ciki ya yi jajayen zane, hannuwa duk tabo. Mahaifiyarta ta ce cutar ce ta ci ƙafar. Da muka yi hoto sai muka ga kan ƙashin ƙugu ne ya mutu, saboda wata da watanni tana haɗiyar dekisa. Uwar ta kwance bakin zanenta ta zubo mini ledojin a kan tebur, tana cewa ai ba ta taɓa bari ya yanke mata ba ko kwana ɗaya, ko da ita za ta kwana da yunwa. Ban iya yi mata faɗa ba. Ƙauna ce ta sa ta. Haushina yana kan wanda ya ƙulla mata, wanda ko sunan cutar bai iya faɗi ba.

Tramol kuwa ba sai na gabatar maka da shi ba, kana ganin abin da ya yi wa samarinmu a tasha da bakin kasuwa. Na asibiti miligiram 50 ne a ƙwaya. Na titi kana samun 225, har 250. Yana jawo farfaɗiya, kuma mai SEP dama ya fi sauran mutane kusa da ita. Yana ɗaure ciki, yana riƙe fitsari, abubuwa biyu da masu wannan cuta ke fama da su tun asali. In an haɗa shi da wasu magungunan damuwa irin su fluoxétine yana iya tayar da zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa har a rasa rai. Ban da kamu. Mutum ya fara sha don ya yi aiki, ya ƙare yana sha don kawai ya iya tashi zaune.

Abin da ke ƙona mini rai, kalmar "maganin gajiya" ta zauna mana a baki har mun ɗauka gajiya iri ɗaya ce. Ta ɗan dako da ya wuni yana sauke buhunan wake, ta mai jego, ta mai SEP, duk ƙulli ɗaya ake miƙa musu na dala ashirin. Gajiyar matarka daga jijiya take. Saƙo ne ke wahalar wucewa ta hanyar da ta ƙuje, ƙwaƙwalwa na kashe ƙarfi mai yawa a kan ɗan aiki. Jakin da kaya ya yi wa yawa, in ka zabga masa bulala zai yi sauri na ɗan lokaci, amma kayan na nan. Haka allurar B12 da ƙarin ruwa mai launin rawaya da ake yi a ɗakunan unguwa. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin jinya, ta rubuta ƙarara cewa kada a yi allurar B12 don gajiyar wannan cuta. In an auna an ga ta rasa B12, wannan wata magana ce.

To, maganin gaskiya. Zan faɗa maka yadda abin yake. Babu ƙwaya ko ɗaya da hukumomin magani na Turai ko Amurka suka ba lasisi musamman don gajiyar SEP. Uku ake gwadawa: amantadine, wato Mantadix ɗin da aka rubuta mata, da modafinil, da méthylphénidate. A 2021 mujallar Lancet Neurology ta buga wani gwaji da aka yi a Amurka, mai suna TRIUMPHANT-MS, a kan mutum 141. Kowannensu ya sha ukun bi da bi, ya kuma sha ƙwayar da ba komai a cikinta. Ba wanda ya fi ƙwayar banza rage gajiya, sai dai sun fi ta kawo illa. Duk da haka akwai ɗaiɗaikun da ke jin daɗinsu, shi ya sa ba mu yar da su ba.

Amantadine shi ne na farkon gwadawa. Miligiram 100 da safe, in ya karɓe ta a ƙara 100 da azahar, kada a kai shi dare don yana hana barci. A auna ƙoda tukuna. Yana iya kumbura ƙafa, ya busar da baki, ya zana fata kamar raga. Mai ciki ba ta sha. A ba shi wata guda. In ba a ga canji ba a janye shi a hankali, kada ku shekara kuna saye don kawai an rubuta. Modafinil ya fi amfani ga wanda barci ke ɗauka da rana, amma yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar hannu, kuma yana iya nakasa ɗan tayi. Ga mace 'yar shekara 33 wannan ba ƙaramin abu ba ne. Méthylphénidate kuwa magani ne da hukuma ke tsaurara bayar da shi, yana hawar da jini, ga wahalar samu. Ni ba zan aike ka nemansa ba.

Kafin duk wannan, a duba abin da ke iya ɓuya a bayan gajiyar. A yi NFS a ga yawan jini, mace mai haihuwa uku a ƙasarmu ba a rantsuwa a kan jininta. A yi TSH, wato gwajin halittar maƙogwaro da ake kira tiroyid, da sukari, musamman yanzu bayan dekisa, da gwajin zazzaɓin cizon sauro, da ECBU don ciwon sanyin mafitsara. Ka tambaye ta sau nawa fitsari ke tashinta da dare. Ka duba ko tana shan baclofène ko gabapentine ko amitriptyline, duk suna kashe jiki. Ka kuma zauna ka tambaye ta zuciyarta. Macen da ake kira raguwa a gidan mijinta, ana yi mata habaicin kishiya, wasu na cewa sammu ne, ba za ta rasa damuwa ba, damuwa kuwa gajiya take haifarwa.

Ka ce kafin hantsi take zubewa. Wannan zafi ne, Malam. Jijiyar mai SEP ba ta shiri da zafi, ko ɗan ɗumin jiki ya ƙaru sai saƙo ya tsaya. Ga Maradi a watan Afrilu da Mayu, ma'auni ya haura 40, ga murhun itace. A mayar da girki bayan asuba, tana zaune a kujera. Ruwan randa kusa da ita, jiƙaƙƙen ɗankwali a wuya, wanka da ruwan sanyi kafin azahar, ƙailula ta rabin awa. Tafiyar minti 10 bayan magariba, ana ƙarawa sannu sannu, in da hali da taimakon mai kine, wato ma'aikacin asibiti mai koyar da motsa jiki. Motsa jiki da koyon rabon ƙarfi sun fi ƙwayoyin nan hujja. Sallah a zaune ta halatta gare ta ranar da ƙafa ta ƙi.

Sai asurans. Dalilin da suka ba ka yana da tushe a takarda: lasisin Mantadix na cutar Parkinson ne da mura, SEP ba ta ciki. Ma'aikacin da ke bayan gilashi jerin da ke gabansa yake bi, gardama da shi ɓata yawu ne. Wanda ake nema shi ne likitan kamfanin, medsan konsei. Ka nemi su rubuto maka ƙin biyan da dalilinsa. Ka sa likitan jijiya ya rubuta rahoto mai hatimi: sunan cutar, sakamakon IRM, gwaje-gwajen da aka yi, da cewa gwajin wata guda ake nema. Ka haɗa da takardar neman izini kafin saye, ka miƙa ta hannun mai kula da ma'aikata a wurin aikinku, don kamfanin da ke biyan kuɗin shekara ya fi ka murya. Ka riƙe kwafin komai. Yana ba ni takaici a ce mara lafiya sai ya zama magatakarda kafin ya sha magani, amma haka tsarin yake.

Ka karanta kwantiragin da kanka, ka ga iyakar kuɗin da suke biya a shekara. Bitamin da magungunan ƙarin ƙarfi yawanci ba a biyansu. Abin da ka sayo a Katsina ko Kano ba rasiɗin farmasi mai hatimi, da wuya a mayar maka. CNSS, asusun tallafin ma'aikata na ƙasa, ba ta biyan ordonans na ciwo irin wannan, nata alawus ɗin iyali ne da haɗarin aiki da fansho. Kyautar magani ta gwamnati da aka fara wajen 2006 kuwa ta yara 'yan ƙasa da shekara 5 ce da wasu lamuran mata irin su awon ciki da tiyatar haihuwa. Saboda haka kada ka ƙarar da ƙarfinka wajen faɗa a kan Mantadix. Babban yaƙin shi ne IRM na bibiya da maganin hana tashin cutar. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka rituximab da cladribine da glatiramère cikin jerin magunguna na wajibi don SEP. A rubuta wannan cikin rahoton, hujja ce mai nauyi.

Gwaggo kuma a bi ta da girmamawa. In za ku je asibiti ku tafi da ita, ta ji daga bakin likita da kunnenta, don in ba ta gamsu ba ƙullin zai ci gaba da shigowa ta bayan gida. In kafin ranar maiɗakinka ta fara amai, ko jiri ya kayar da ita, ko ta yi farfaɗiya, ko ka ga baƙin bayan gida, kada ku jira gari ya waye. Ku nufi sashen gaggawa da ledar a hannu.