Fayafayan garmaho na gwanjo, in saya ko in bari?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga Nima nake, wani mai kayan gwanjo ya nuna min kwali cike da fayafayan kiɗan Turawa na da, su Beethoven da Mozart, wai daga Jamus aka sauke su a Tema kuma wai tsada gare su. In saya ne? Yaya zan gane mai kyau?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. In don ka saurara ne saya, in kuwa riba kake hange to riƙe kuɗinka, don irin waɗannan an buga su rututu. Ka ga na kamfanin Deutsche Grammophon mai tambarin nan rawaya, musamman Beethoven ɗin da jagoran makaɗa Karajan ya ɗauka da makaɗan Berlin aka fitar a 1963, kiɗi ne na gaske amma ya cika gidajen Jamusawa, shi ya sa ma ya biyo kwantena. Masu zuwa Ankara, babban birnin Ghana, farautar faifai da kuɗi a hannu haylaif, kiɗan rawar nan na Ghana, suke nema, irin na E.T. Mensah na kamfanin Decca.

Lafiyar faifan ita ce magana. Haylaif ganga da ƙaho suna rufe ƙaras-ƙaras, amma wannan kiɗin wani wurin goge ɗaya ne tal yake tafiya a hankali kamar raɗa, to nan ɗan karce kaɗan ya isa ya ɓata maka rai. Fitar da shi daga riga ka karkata shi a hasken rana, karcen da farcenka ya ji to allura ma za ta ji. Ɗora shi kan teburi ka ga ko zafi ya lanƙwasa shi, sannan ka shinshina rigar, don danshin garin nan kusa da teku funfuna yake sawa har cikin layukan. In saiti ne na akwati ƙirga su ɗaya-ɗaya, opera, wato wasan kwaikwayo na waƙa, ba faifai na biyu wallahi asara ce.

Duba gudun kuma. Mai 33, wato juyi 33 a minti, shi ne dogon faifan da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, shi kake so. Mai 78 nauyi gare shi, faɗuwa ɗaya ya fashe, allurarsa daban, kuma kar ka kuskura ka goge shi da sifirit, cinye shi yake. Na 33 ɗin ruwan batir, wato tataccen ruwa ba asid ba, da ƙyalle mai laushi sun isa, ka bi da'irar layin, ya bushe sarai kafin ya koma riga, ka jera su a tsaye nesa da taga.

Injin kuma in na gwanjo ne nemi na Jamus ko Ingila, wutarsu irin tamu ce. Wasu na Amurka ko ka sa taransifoma a hankali suke juyawa a wutarmu, sai ka ji muryar kiɗin ta sauka. Kuma canja allura kafin ka ɗora komai, tsohuwa cin faifai take.