Na ba kyanwata maganin tsutsa sau biyu, amma tsilar ta ƙi tafiya

Tambaya: Likita, ina da kyanwa da kare mai gadi a gida. Wata biyu ke nan ina ganin wasu fararen abubuwa kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyar kyanwar da inda take kwanciya, har motsi suke yi. Na ba ta piperazine sau biyu, karen kuma aka yi masa allurar ivermectin. Abin bai bari ba. Me ya rage in yi?

Amsa: Malam, tsila ce. Waɗannan "shinkafar" gaɓoɓinta ne da ke yankewa cike da ƙwai su fito ta dubura, in sun bushe su koma kamar riɗi. Ita kanta tsilar tana can maƙale a hanji.

Magungunan da ka yi amfani da su ba na jabu ba ne, ba aikinsu ba ne kawai. Piperazine na zagayayyar tsutsa ne, irin mai kama da taliya. Ivermectin ma, duk da yadda mutanenmu suka mai da shi maganin komai, ba ya taɓa tsila. Wanda ke kashe ta shi ne praziquantel, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin dabba, sau ɗaya. Yana cikin maganin tsutsar dabbobi mai suna Drontal, kuma akwai na kare daban, na kyanwa daban, kada ka ba ɗaya na ɗayan. A auna dabbar kafin a ba ta. Ɗan kyanwa da bai kai mako 6 ba, ko ɗan kwikwiyo ƙasa da mako 4, a bar su sai sun ƙara girma.

Wani zai ce ai shi ne maganin tsargiya da ake rabawa yara a makaranta. Gaskiya ne. Sai dai ƙwayar mutane miligiram 600 ce, kyanwa mai kilo 4 kuwa miligiram 20 take buƙata, wato kashi ɗaya cikin 30. Wa zai iya fasa ƙwaya haka da reza? Ga ɗaci kuma. In kyanwa ta tauna sai ka ga miyau yana dalala. Bayan ka ba dabbobin praziquantel, kada ka tsaya jiran ganin tsila a kashi, maganin narkar da ita yake a ciki.

To amma ko ka ba da praziquantel yau, cikin mako 2 zuwa 3 za ka iya sake ganin shinkafar nan, in akwai ƙuma a gidan. Irin tsilar da ta fi yawa, Dipylidium caninum, ta ƙuma take shiga. 'Ya'yan ƙuma da ke cikin tsumma da ƙura su ke cinye ƙwan tsilar, su girma da shi, kyanwa kuma ta haɗiye ƙumar yayin lasar jikinta. Don haka a yi wa kare da kyanwa maganin ƙuma rana ɗaya, irin mai fipronil da ake ɗigawa a ƙeya, a wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi a shanya a rana, a share lunguna. Ka duba kwalba da kyau: duk maganin kaska na kare mai permethrin guba ne ga kyanwa, yana sa ta karkarwa da farfaɗiya, har ta mutu.

Kyanwa mai farautar ɓera tana ɗauko wata tsilar daga ɓeran, ita kam sai dai a riƙa maimaita mata magani duk bayan wata 3.

Karenka ne ya fi damuna. In ana jefa masa ɗanyen huhu ko hanta daga kwata, musamman masu ƙullutun ruwa da mahauta ke yankewa su yar, yana iya ɗaukar wata tsilar mai suna Echinococcus. Ƙanƙanuwa ce, ba za ka gan ta a kashinsa ba, amma ƙwanta in ya shiga bakin mutum yakan yi ƙullutun ruwa a hanta ko huhu, wani lokaci sai an yi tiyata. A dafa masa kayan ciki su nuna, a kwashe kashinsa a binne, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.